Tiyon Birkin da Ke Cikin Motarka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga Magaji,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kuma sanyaya zuciyarka har ka iya karanta ta zuwa ƙarshe. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ba ta san abin da nake rubutawa ba, ta dai ga na zauna a zaure tun bayan azahar da biro a hannu, ta leƙo ta ce, "Malam, wasiyya ake bari ne?" Na ce mata a'a. Bayan ta koma ciki na ga ko da eh na ce, ban yi ƙarya ba.

Na san za ka ce me ya hana ni yin saƙon murya kamar kowa. Na yi, na ga ba ka buɗe ba, kuma ban ga laifinka ba. Ga shi kai ɗan fari ne, ni da kai ba mu saba doguwar magana ido da ido ba, in muka gwada sai ta zama faɗa. Shi ya sa na ba ƙanwarka Zalika wannan takarda ta kawo maka tasha tare da guzurin da uwarku ta haɗa. A ƙasan ledar akwai wani ƙunshi daban wanda ba abinci ba ne. Tiyo ne baƙi mai kauri, da wasu ƙanana a naɗe, da koliyen ɗaure bakinsu. Kada ka jefa shi bayan kujera.

Maganar guda ɗaya ce. Gobe bayan asuba ayarinku zai tashi zuwa Tchibarakaten, kai ne a kan sitiyari, bayanka tanon ruwa, wato manyan ganguna, da buhunan shinkafa, ga mutane a saman kaya. Tiyon da ya taso daga famfon iska ya shiga baƙar tukunyar nan ta birki, wadda ke manne a bayan feda, ba tiyon wurin ba ne. In ka tafi da shi haka, akwai gangaren da za ka taka birki ka ji kamar dutse ka taka. Abin da na so in faɗa maka ke nan jiya a tasha, sai bakina ya faɗi wani abu daban.

Tafiyar kanta ban hana ka ba. Tun da aiki ya ja baya a garin nan, duk saurayi mai jini a jika can ya sa gaba, kuma gara kai da za ka kai wa masu haƙar zinariya ruwa da abinci a kan wanda zai shiga rami. Ba zan cika ka da labarin gida ba, kowa lafiya. Wa'azi ma ba zan yi maka ba, ka sha shi tun kana rarrafe har ya gundure ka. Abin da nake da shi wanda malaman masallaci ba su da shi, shi ne ɓarnar da waɗannan hannuwa nawa suka yi a cikin injin mutane. Kun taso kuna jin ana cewa Isufu bakanike, Isufu mai kunnen inji, kun ɗauka haka aka haife ni. To bari ka ji.

Lokacin da na baro Damagaram na zo Arlit ban kai shekarunka ba, amma kaina ya fi naka girma. Wata rana wani Alhaji Bakatsine mai sayar da atamfa ya kawo motarsa mai shan isansi, wato fetur, garejin da nake koyon aiki, tana rawa in an tsaya, tana mutuwa a bakin kowace kwana. Maigidana ba ya nan. Na buɗe murfin inji na ga ƙananan tiyo birjik, duk sun bushe sun tsattsage. Na ce wa Alhaji ya je ya sha shayi, kafin ya ajiye kofi motarsa ta koma amarya. Na sa hannu na tuge su gaba ɗaya na watsar a ƙasa, don ya san ba da yaro yake magana ba. Na yanko sababbi. Da na juyo, sai ga ƙananan bakuna suna kallona ta ko'ina, na rasa wanne ke haɗuwa da wanne. Alhaji ya sha shayi har ya gaji, ya yi azahar, ya yi la'asar, ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Yaro, amaryar tamu lalle aka sa mata ne?" Motar ta kwana a garejin, ta ƙara kwana. A garin tugewar ma na karya wani bakin roba, sai da aka aika Agadas kafin a samo irinsa.

Saboda haka in ka zo kan ƙananan nan, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ka cire guda, ka auna sabo a jikinsa, ka yanka, ka mayar, sannan ka taɓa na gaba. Kuna da waya a aljihu, ka ɗauki hoton injin kafin ka taɓa komai, gatan da mu ba mu samu ba. Wanda ya manne ya ƙi fita, kada ka nuna masa ƙarfi. Ka tsaga bakinsa a tsaye da wuƙa, ka murɗa a hankali, zai saki. Robar da yake riƙe da ita ta sha zafin Arlit shekara da shekaru, ta fi ƙwai saurin fashewa, kuma inda za ka babu mai sayar da ita.

Wannan wauta ce ta ƙuruciya, ana iya dariya a kanta. Mai bi mata kuwa da sanina na yi. Ka san al'adar dillalan mota a garin nan. Kafin a kai mota kasuwa sai an yi mata wankan inji, a kakkaɓe rairayi, sannan a jiƙa tsumma da baƙin mai a bi kowane tiyo a shafe shi har ya riƙa ƙyalli. Mai saye ya buɗe murfi ya ga komai baƙi wuluk yana sheƙi, sai ya ce wannan mota ta samu mai kula da ita. Na daɗe ina yi musu wannan aiki, har ana yabona wai shafata ta fi ta kowa kyau. Alhali na san mai cin roba yake yi, yana sa ta kumbura ta yi laushi, tsaguwar da ke jikinta kuwa daga ido kawai yake ɓoye ta.

Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mutumin Tawa, ya sayi ɗaya daga cikin motocin da na shafa, ya ɗebi iyalinsa zai kai su hutu gida. Tsakanin nan da Agadas, da rana tsaka, ga bazara, tiyo ya buɗe, inji ya riƙa shaƙar iska da rairayi ta inda bai kamata ba, ya mutu ya ƙi tashi. Suka fake a inuwar motar har ruwansu ya ƙare kafin wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya musu. Ƴarsa ƙarama ta yi kwanaki a likita ana ƙara mata ruwa. Da ya dawo ya zo garejin, na shirya wa zagi, har na tanadi amsa. Bai zage ni ba. Ya ɗora mini tiyon a tafin hannu, yana maiƙo, ya ce, "Malam Isufu, an ce kai ka duba ta. Ka gani, ko ba ka gani ba?" Na ce ban gani ba. Ya kalle ni ya ce, "To, Shi Allah Ya gani." Ya juya ya tafi. Tun ranar ban ƙara taɓa tsumman nan ba, amma yarinyar ta riga ta sha wahalarta.

Motarka ma an shafa ta, Magaji, tun kafin in sunkuya na ji warin man. Kada ka yarda da ido. Waɗannan tiyo ba ruwa suke ɗauka ba, ba man gazuwal da inji ke sha ba, balle ka ga ɗigo a ƙasa ka gane. Iska suke zuƙa, in sun huje ba abin da za ka gani. Ka kama kowanne ka lanƙwasa shi kusa da baki, nan yake fara tsagewa. In ka ga layi-layi a jikinsa, ya gama aiki. In ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya, shi ma ya gama. Ka tada inji ka kawo kunnenka kusa, ka dai kiyayi fanka da hannun rigarka, ka saurara. Inda ka ji wani siririn huci da ba ya yankewa, nan ɓarakar take.

Akwai kuma wanda ka sani, amma ba ka san nawa ba ne. Ka san Ilo mai shayi na bakin hanyar Akokan, wanda kuka taso kuna kwaikwayon ɗingishinsa ina bin ku da bulala. Kun ɗauka tsabar tsoron Allah ne ya sa abin yake yi mini zafi haka.

A lokacin ina aiki a garejin wani ɗan kwangila da ke ba masu aikin ramin haƙar yuraniyom na Akokan hayar motoci. Ranar Juma'a ce, aka kawo kat-kat, irin motar nan mai shiga rairayi, ta Agali, Ba'abzinen direban nan da ke kawo mana cuku in ya dawo daga wajen danginsa, a canza mata tiyon birki. A tsakiyar tiyon akwai wani ɗan abu kamar kan yatsa, muna ce masa kilafe. Aikinsa ya bar iska ta fita daga tukunya zuwa famfo, ya hana ta komowa, don haka fuska ɗaya yake zama. An fara kiran salla, abokan aiki sun watse, ni kuma ina sauri kada in rasa sahu. Na zura shi a juye, na ɗaure, na rufe murfi, na wanke hannu. Ban gwada ba. Agali ya leƙo ya ce, "Ya gama?" Na ce, "An gama, Allah Ya tsare." Ya tada mota ya nufi ƙofa, ina bin bayansa a ƙafa da darduma a kafaɗa. A bakin ƙofar akwai ɗan gangare, Ilo yana tsugune a jikin bango yana hura gawayi. Na ga fitilun birki sun kama ja, motar kuwa ba ta rage gudu ba. Na ji Agali yana ihu, "Mota ya ƙi! Mota ya ƙi!" Ƙarar da ƙafar Ilo ta yi tsakanin ƙarfe da bango, har yau in ana faskare a gidan maƙwabta sai na ajiye abin da ke hannuna.

Aka ce tsautsayi ne. Agali ya yi ta rantsuwa ya taka birki, wasu ba su yarda ba, har aka sauke shi daga tuƙi na wani lokaci. Ni kuwa na juya kilafen kafin kowa ya duba, na yi shiru. Sai da aka yi shekaru na iya zuwa na faɗa musu gaskiya. Ilo ya ce ya yafe, ya zuba mini shayi, na kasa sha. Agali kuwa bai ƙara kawo mini cuku ba.

Kilafen motarka, ka zare shi daga tsohon tiyo ka goge ka hura da baki. Bakin da in ka hura iska ta wuce, shi ne zai kalli tukunya. In ka hura ta ko'ina tana wucewa, ya lalace, akwai wani a cikin ƙunshin. In ka gama ɗauri kada ka rufe murfi ka ce an gama. Inji a kashe, ka tattaka birki har feda ta yi tauri, ka bar ƙafarka a kai, sannan ka tada inji. In ta ɗan nutse a ƙarƙashin ƙafarka, aiki ya yi. In ta tsaya ƙyam, kada motar nan ta motsa daga inda take. In kiran salla ya same ka a tsakiyar aiki, ka bar murfin a buɗe, ka sa makulli a aljihu, ka je ka yi sallarka ka dawo ka ƙarasa. Ba wanda ya ce sai na rufe murfi za a karɓi sallata, ni na ɗora wa kaina.

Yanzu ga abin da ya zaunar da ni rubutu.

Shekarar da aka rufe ramin Akokan, ka tuna yadda gidanmu ya koma. Ɗan kwangilar ya tara mu ya ce aiki ya ƙare, motoci za a sayar, kowa ya kama gabansa. Ni da na ba wurin ƙuruciyata da ƙashin bayana, aka sallame ni kamar wanda ya zo jiya. Ana dab da rufe garejin aka turo wata farar kat-kat mai buɗaɗɗen baya, tiyon birkinta ya fashe, aka ce in lallaɓa ta ta iya kai kanta filin gwanjo. Tiyon kirki yana nan rataye a sito, tafiyar ba ta fi daga zauren nan zuwa madafa ba. Ban je ba. Zuciyata ta ce, wa zan yi wa? Na ga guntun tiyon ruwa baƙi a yashe a ƙasa, na yanka, na zura, ko koliye ban nema ba, na murɗe bakinsa da waya. Na ce wanda ya saya shi ya sani.

Ka san ni bahago ne. Duk garin nan ba mai murɗa waya ta hagu ya lanƙwashe kanta ciki kamar ƙugiya sai ni, kai kanka ka sha yi mini dariya a kan haka. Jiya da na zo tasha ka buɗe mini murfi, kana murmushi, kana jiran in ce ka iya saye, idona bai sauka ko'ina ba sai a kan wannan ƙugiya. An sake wa motar fenti, an canza mata kujeru, an shafe ta da mai, amma wayata tana nan inda na bar ta. Wanda ya saya shi ya sani, haka na ce a ranar. Ashe ɗana ne zai saya.

Za ka ce in haka ne, yaya aka yi ta kai yau ba ta kashe kowa ba? Na bincika da safen nan. Ta daɗe a ajiye, sannan wanda ya riƙe ta kafin kai a cikin gari yake yawo da ita, daga kasuwa zuwa gida, ƙasa a shimfiɗe, ba kaya, inji bai taɓa ɗaukar zafin kirki ba. Tiyon ruwa an yi shi ne don abin da ke turo shi daga ciki, wannan wuri kuwa zuƙa ake yi. Da sanyin safiya zai tsaya da ƙarfinsa, ka taka birki ka ji daɗi, ka ce tsohon nan rigima ce kawai ke damunsa. Sai rana ta take, inji ya yi zafi a cikin rairayi da kaya niƙi-niƙi, robar ta yi laushi, famfo ya zuƙe ta ta manne kamar ledar ruwa da aka shanye. Daga nan iska ta daina wucewa. Takun farko zai kama, na bayansa ya yi rabi, sai kuma babu. In Allah Ya sa ka tsaya, ya huce, ka buɗe murfi, za ka same shi ya koma daidai yana ƙyalli kamar bai yi komai ba. Direbobin hanyar sun sha ba ni labarin gangaren duwatsun da ke gabanku, inda mota ke bin bayan mota. A irin wurin nan zai ci amanarka.

Abin da ya kamata in yi jiya shi ne in ja ka gefe in ce, wannan aikina ne, zo mu cire. Amma kanikawan tasha suna tsaye, ciki har da waɗanda ni na koya wa riƙe kile na kwance noti, ga fasinjojinka suna ɗaure kaya. Na ji kunyar a ce ga aikin Isufu. Sai na ɗaga murya na juye abin a kanka. Na ce an yi maka wayo. Na ce wanda bai iya bambanta tiyo da igiya ba bai kamata a ba shi ran mutane ba. Na ce ka koma yaron mota ka ƙara koyo. Ina gani wata tsohuwa ta sauke ƙullinta daga motarka ta koma wata, ina kuma ganin fuskarka. Kai ma ka ce, "Baba, ka bar mini motata. Zamaninku an rufe shi tare da ramin Akokan." Ka saki murfin har sai da na janye yatsuna. Maganar ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ni na fara, kuma abin da na faɗa ƙarya ne. Ba wanda zai gane tiyon nan da ido bayan an shafe shi, har ni, ba don wayar ba. Motar kirki ka saya, injinta lafiyayye ne, na ji shi da kunnena. Gumin da ka yi kana kabu-kabu a ranar garin nan bai tafi a banza ba.

Ka ga dai yadda abin yake. Kuskuren da aka ɓoye ba ya zama wuri ɗaya, sai ya nemi wanda za a ɗora wa. Da Agali na ɗora wa, jiya kai. Wata rana za ka samu yara a ƙarƙashinka, na mota da na cikinka. In hannunka ya yi ɓarna, ka faɗa da bakinka tun a wurin, ko da waɗanda ka koya wa aiki ne a tsaye. Kunyar ba ta wuce yini, na gwada ɗaya hanyar kuma ban ji daɗinta ba.

Tun da safe na shiga kasuwa neman tiyon. Yaran shagunan nan sun yi ta miƙo mini na gazuwal da na ruwa, suna cewa, "Baba, duk ɗaya ne, baki dai ya shiga." Na riƙa toshe ƙarshen kowanne da babban yatsa ina zuƙa da bakina, suna dariya. Wanda na aiko maka shi ne bai motsa ba. Yana da zare a cikin namansa, ka matsa shi da yatsu ka ji bambancinsa da wanda ke motar.

Yau ɗin nan nake so ka yi aikin, tun da sauran haske, ba gobe da asuba ana danna maka oda ba. Ka bar inji ya huce. Ka warware wayar ta dama, tunda ta hagu na murɗa ta. Na yanke sabon da ɗan tsawo da gangan, ka auna ka rage. Kada ka bar shi ya yi kwana mai tsini, kada ya kwanta a kan ƙarfe mai zafi, kada ya riƙa gogar wani abu mai kaifi, don hanyar nan girgiza ce zalla, abin da ya goga yau gobe ya huje. Ka tura bakinsa har ƙarshe. In ya yi gardama ka jiƙa shi da ɗan ruwan sabulu, ban da mai. Ka ɗaure koliye ya kama sosai, amma ba har ya yanki roba ba. Ƙananan kuwa, in lokaci ya ƙure, ka canza waɗanda suka tsage, ragowar ka tafi da su. Guda a cikinsu shi ke sa ƙafafun gaba su kama in ka shiga rairayi, in ya saki za ka ga na baya suna haƙa rami kana zaune. Wannan dai jinkiri ne da jin haushi. Na birki shi ne maganar rai.

In kana jin nauyin kanikawan tasha su ga kana bin maganata bayan abin da na yi maka, ka ce musu kai ka gano da kanka. Ko ka kira su ka nuna musu ƙugiyar, ka ce ga aikin Isufu mai kunnen inji, su yi dariyarsu har su ƙoshi. Na yarda, kuma na cancanta.

Abin da zan rubuta yanzu ban so rubuta shi ba, amma na san zuciyar da ka gada. In fushi ya hana ka, ka tafi da shi haka, kuma feda ta yi tauri a gangare, ka sani birkin bai mutu ba, taimakon da tukunyar nan ke ba ƙafarka ne ya tafi. Kada ka yi ta tattakawa. Ka riƙe sitiyari da kyau, ka miƙe a kan fedar da duk nauyinka, ka riƙa sauko da giya ɗaya-ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali, ban da fizga. Kada ka kashe inji. Kowane gangare ka shige shi da ƙaramar giya tun daga sama, ka bar tazara tsakaninka da na gabanka ko da za su yi maka tsiya su ce tuƙin tsofaffi kake.

Ba zan zo tasha ba. Na riga na sa tsohuwa ɗaya ta sauka daga motarka, ba zan ƙara ba. Na gaya wa Zalika ta zauna ta jira ka, ko da za ta kai magariba. In ka canza, ka ba ta tsohon tiyon da wayarsa ta kawo mini, ba sai ka haɗa da wata magana ba. Ina nan zaure ina kallon bakin lungu, zan gane tun daga yadda ta riƙo ledar. In ta dawo hannu wofi, addu'ata ba za ta ragu ba, sai dai ban san yadda zan kalli uwarka ba gobe in ta ce mini ayari ya tashi.

Allah Ya tsare ka a hawa da gangara. Ya tsare waɗanda suka ba ka amanar ransu. Ya kare ku daga ɓatan hanya da ƙishirwa da mugun mutum, Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya. Allah Ya sa albarka a motarka da abin da za ka samu da ita. Allah kada Ya kama ka da laifin hannuna.

Kai ne ɗan farina. Tun ranar da aka raɗa maka suna ban taɓa kiransa da bakina ba, haka na ga iyayena sun yi. Magaji nake cewa, ko in ce kai. Ban taɓa zaunar da kai na ce ka yi daidai ba, ban kuma taɓa roƙonka komai ba. Yau na ajiye kunyar.

Laminu, don Allah ka canza tiyon nan.

Ni ne mahaifinka,
Isufu